Saƙar tok a keken saƙa na gida: idanu suna zubewa, awo kuma ya ƙi fita daidai

Ɗalibar Saƙa ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kan keken saƙa, domin akwai abin da ya ɗaure mini kai kusan mako uku ke nan, na yi iya dabarata amma ban gano bakin zaren ba.

Kekena na ƙarfe ne mai allura 200, tazarar da ke tsakanin allura da allura milimita 4.5 ce, kuma yana aiki da kati mai huji, wanda ke zaɓar wa allurai adon da za su yi, mai faɗin ido 24 (ido shi ne madaukin zaren da kowace allura ke riƙe da shi). Na hannu na saya, amma saƙar fili, wadda kowace allura ke saƙa idonta a kowane layi, yana yin ta sumul, har na yi rigunan sanyi na yara da huluna masu yawa a kansa. Wahalar ta fara ne da na ƙuduri koyon saƙar tok, wadda wasu allurai ke riƙe idonsu su tara zare a kai kafin su saƙa, saboda na ga yadda take fitar da ado mai tudu da kwari kamar saƙar zuma, ga laushi, ga kauri, gefenta kuma ba ya naɗewa irin na saƙar fili.

Aikin farko da na sa a gaba bargon jariri ne. Na ɗauki kati mai lamba 1 da ya zo tare da keken, wanda hujinsa ke tsallake gida ɗaya ɗaya, na yi lissafi da awon da na saba da shi a wannan zaren, wato ido 28 da layi 40 a kowace santimita 10. Ina son faɗi santimita 70 da tsawo santimita 90, don haka na fito da allura 196 na saƙa layi 360. Da na sauke aikin na shimfiɗa shi, sai na tarar faɗinsa ya kai santimita 85, tsawonsa kuwa bai wuce 60 ba. Bayan haka gefen dama da na hagu duk sun yi ɓaraka a wurare da dama, inda allurar ƙarshe ta saki idonta ban lura ba sai da aikin ya yi nisa.

A karo na biyu na so adon ya fi fitowa, sai na huda katin kaina. Na bar gida biyu a jere ba huji, tsayin layi shida, sannan gida huɗu masu huji, haka har ƙarshen katin. Ban kai layi na biyar ba kan keken, wato abin da ake turawa dama da hagu a bisa allurai, ya fara nauyi a hannuna, a layi na shida ya cije a tsakiyar gadon allurai ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na ɗaga shi na duba, na ga zare ya taru cunkus a ƙugiyoyin allurai, wani ya zame ya rataye a gaba, allura biyu kuma sun lanƙwashe. Na canza su na sake gwadawa har sau uku, abin bai canza ba.

Tambayoyina su ne: shin keken ne ba ya iya wannan saƙar, ko ni ce nake yin kuskure? Wace lamba ya kamata in sa tenshan, wato maɓallin da ke daidaita girman ido, a kai? Kuma ta yaya ake lissafin awo a saƙar tok don kada a yi asarar zare da lokaci? Na gode ƙwarai.

Tsohuwar Hannu ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, keken da ya yi miki saƙar fili lafiya zai yi tok, kuma abin da kika bayyana ya isa a gane inda gizo ke saƙar. Katin da kika huda shi ne babban dalilin cijewar, amma kafin in ce ga gyaransa ina so ki fahimci abin da allura take yi a wannan saƙar, domin idan kin gane shi ba za ki sake buƙatar kowa ya duba miki kati ba.

A saƙar fili, allura tana fitowa gaba sosai har tsohon ido ya zame ya koma bayan ɗan harshen da ke rufe ƙugiya. Sai ta kamo sabon zare ta ja baya, tsohon idon ya turo harshen ya rufe, ya haye ta kai ya faɗa, sabon ido ya samu. A tok kuwa allurar tana fitowa ne rabi kawai, daidai yadda za ta karɓi sabon zare amma tsohon idon bai wuce bayan harshen ba. Ke nan ta koma da abu biyu a ƙugiyarta, tsohon ido da sabon zare. Idan layi na gaba ma tok ne sun zama uku, na gaba huɗu, kuma duk wannan kayan dole wata rana ya haye kan ƙugiya a lokaci guda. Ƙugiyar keken milimita 4.5 ƙarama ce, ki dube ta da kyau ki ga iyakar abin da za ta iya ɗauka. Da zare matsakaici irin wanda ke ba ki ido 28 a santimita 10, layi uku shi ne abin da nake yarda da shi, huɗu kuma iyaka ne, shi ma sai da nauyi mai kyau. Layi shida sai siririn zare sosai, kuma ko da shi sai an bi a hankali.

Kuskure na biyu ya ma fi na farko girma, wato gida biyu a jere da kika bari ba huji. A katin tok, gida mai huji shi ne allurar da za ta saƙa, gidan da ba a huda ba shi ne wadda za ta tara zare. Zaren da allura ta tara ba abin da ke riƙe shi sai idanun da aka saƙa a damarta da hagunta, su ne suke danne shi ƙasa su tsare shi a cikin ƙugiya. Idan allura biyu maƙwabta suka yi tok tare, zaren yana kwanciya a kansu sako-sako babu abin da ya ɗaure shi a tsakani, sai ya ɗago, ya zame, ko ya sarƙe a ƙarƙashin kan keke. Saboda haka ƙa'idar ita ce kowane gida marar huji ya kasance yana da huji a gefensa biyu. Shi ya sa za ki ga katin tok na gaskiya kusan duk huji ne, farin wurin kaɗan ne, kuma shi ya sa ba kowane katin ado mai launi biyu ake ɗauka a yi tok da shi ba.

Ga katin da nake ba masu koyo, kuma har yau ni ma ina yin barguna da shi. A layi na 1 zuwa na 3 ki bar gida ɗaya ba huji, ki huda uku, ki maimaita har gida 24. Layi na 4 ki huda shi gaba ɗaya. A layi na 5 zuwa na 7 ki yi kamar na farko amma ki gusar da gidan da ba huji da gida biyu, yadda zai faɗa tsakiyar waɗancan ukun. Layi na 8 ki sake huda shi duka. Faɗin adon ido huɗu ne, yana shiga 24 sau shida ba saura, kuma wannan wajibi ne: duk adon da za ki zana faɗinsa ya zama 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Kati yana buƙatar aƙalla layi 36 kafin a iya haɗa bakinsa biyu ya zagaya, don haka ki maimaita waɗannan layuka takwas sau biyar ya zama 40.

Sai maganar nauyi, wadda masu zuwa daga saƙar fili suke rainawa. Saƙar tok tana tattarewa sama ta taru a bakin allurai maimakon ta sauka, don haka tana son a ja ta ƙasa fiye da saƙar fili. Ki rataya kum ɗin farawa, wato dogon ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji, a faɗin aikin duka, ki sa ƙarafan nauyi a kansa daidai wa daida, sannan ki sa ƙarafan nauyi masu farce guda ɗaya a kowane gefe, ki riƙa ɗaga su sama duk bayan layi ashirin ko talatin. Ɓarakar da kika gani a gefe kuwa ta allurar ƙarshe ce da kati ya umarta ta yi tok alhali ba ta da maƙwabciya a waje da za ta riƙe mata zaren. Dole allurar ƙarshe ta kowane gefe ta saƙa a kowane layi. Wasu kekuna suna da abin da ke yin haka da kansa, ki duba littafin naki, idan kuwa babu sai ki riƙa turo ta gaba da yatsa kafin ki wuce da kan keke. Da farko yana da gajiyarwa, daga baya hannu yana sabawa har ba a san ana yi ba.

Game da tenshan, ni dai ina farawa ne daga lambar da zaren ke so a saƙar fili, idan adon mai tara layi uku ne in ƙara masa ɗigo ɗaya ko biyu daga ɗigogin da ke tsakanin lamba da lamba, domin ido mai ɗan sarari ya fi sauƙin hayewa kan tarin zare.

Mai Gyaran Keke ya amsa:

Gaisuwa ga Hajiya da ta yi bayani a sama, babu abin da zan cire daga maganarta a kan kati. Ni gyara ne aikina, don haka zan yi magana a kan ƙarfen, musamman tunda Malama ta ce keken na hannu ne.

Abu na farko da nake zarowa a duk keken da aka kawo mini shi ne sandar soso, wato doguwar sandar nan da ke ratsa gadon allurai daga gefe zuwa gefe kusa da gaba. Aikinta ta danne allurai ƙasa su zauna daram a hanyarsu. Soson yana lalacewa da shekaru ko ana aiki da keken ko ba a yi, ya kwanta ya zama kamar danƙo. Yawancin kekunan ƙarfe da ke hannun mutane tsofaffi ne, kamfanin Brother na Japan ma ya daɗe da daina ƙera keken saƙa, amma ana samun na Silver Reed irin su SK280 da LK150. Abin da ke ruɗin mutane shi ne keke mai mataccen soso yana iya lallaɓawa ya yi saƙar fili, amma da zarar an zo tok, inda bambancin saƙawa da tarawa 'yan milimita ne na fitowar allura, sai asirinsa ya tonu. Malama, ki tura sandar ta fito ta gefe ki duba. Idan soson bai ɗago sama da bakin ƙarfen sosai ba, ko kika danna shi bai dawo ba, ki canza shi kafin ki sake taɓa kati. Wajen mayar da ita soson yana kallon ƙasa ne, kuma ki riƙa danne allurai da faffaɗan abu yadda sandar za ta bi ta kansu.

Na biyu, ki fito da allurai duka gaba ki bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kina buɗe harshen kowace kina rufewa. Wadda harshenta ya yi tauri ko ya karkace gefe ki cire ta, domin tun da kan keke ya cije har allura biyu suka lanƙwashe, da wuya a ce maƙwabtansu sun tsira lafiya. Alamar allura marar lafiya ita ce kuskure yana maimaituwa a wuri ɗaya daga ƙasan aiki har sama. Na uku, ki kwance farantin gaba na kan keke ki kifa shi. Za ki ga ƙananan buroshi da tayoyi a ƙarƙashinsa, su ne suke tura saƙa baya su hana ta biyo allura gaba. Gashin zare yana naɗewa a gindinsu har su daina juyawa, sai a kwance su a tsabtace. A saƙar tok aikinsu ya ninka, domin saƙar tana da kauri a bakin allura.

A kan tenshan ne zan ɗan bambanta da Hajiya, cikin girmamawa. Gaskiya ne idan ya yi tsauri ido ba zai haye tarin zare ba, sai zare ya tsinke ko kan keke ya yi nauyi. Amma abin da na fi gani a wurin masu koyo shi ne akasin haka: suna jin nauyi sai su yi ta ƙara lamba, zaren da aka tara ya zama dogo sako-sako, ya riƙa tsalle yana fita daga ƙugiya ko ya maƙale a haƙoran da ke bakin gado. A kati mai lamba 1, inda allura ke tara zare sau ɗaya kawai ta saƙa, ni rage lamba nake ba da shawara a yi, ɗigo biyu ko ma lamba ɗaya cikakkiya, saboda tok da kanta tana buɗe saƙa. Mafi aminci a saƙa gwaji a lamba uku mabambanta a jere, a raba su da layi biyu na wani launi, ido ya yanke hukunci.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da yadda kekunan biyu ke karanta kati. A na Brother ana kulle kati, a juya maɓallin da ke kan keke zuwa alamar KC, a wuce da kan keke sau ɗaya domin ya zaɓi allurai, za a ga waɗanda za su saƙa sun fito gaba, sannan a saki katin a danna madannan tok biyu. A na Silver Reed ba a ganin allurai sun fito, ganguna biyu da ke jikin kan keke ne suke ɗaukar adon daga kati, sai a kai hannun zaɓi kan harafin T. Katin ido 24 yana shiga kowannensu, amma Brother yana karanta layi bakwai ƙasa da wanda ido ke gani, Silver Reed kuwa biyar, don haka wanda ya ari katin wani keke ya lura da inda layin farko yake. A katin da Hajiya ta bayar wannan yana da muhimmanci idan za a canza launi.

Roƙona na ƙarshe, idan kan keke ya cije kada a tilasta shi. A kwance farantin gaba, a saki kan keken ta hanyar da littafinsa ya nuna, a mayar da shi gefen da ya fito, a warware layin, a juya kati baya daidai adadin layukan da aka warware har da wanda ya cije, a gyara ma'aunin layi, sannan a kulle kati a sake zaɓen allurai ba tare da zare ba.

Mai Keken Roba ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni zan ɗauki tambaya ta uku, ta awo, domin ita ce ta taɓa cinye mini zaren riga guda.

'Yar'uwa, bargonki na farko bai lalace a banza ba, ya zama miki babban gwaji. Kowane zare da allura ta tara yana kwanciya ne kamar baka yana ture idanun da ke gefensa waje, shi ya sa faɗi ke ƙaruwa. Idon da aka riƙe kuma yana jan layukan sama da na ƙasa su haɗu, shi ya sa tsawo ke raguwa. Awon saƙar fili ba ya aiki a nan ko kaɗan, kuma kowane kati da nasa awon. Ki duba lissafin da alkalumanki suka bayar: allura 196 sun ba ki santimita 85, wato kusan ido 2.3 a santimita ɗaya, layi 360 kuma sun ba ki santimita 60, wato layi 6 a santimita ɗaya. Don samun 70 da 90 a wannan katin, da wannan zaren, a wannan tenshan ɗin, kina buƙatar allura 161 da layi 540. Ki sa 162 domin ya zama 81 a kowane ɓangaren sifilin da ke tsakiyar gado. Abin farin ciki a nan shi ne tok tana ba ki bargo mai faɗi da allurai kaɗan, abin da saƙar fili ba za ta iya ba a gado mai allura 200.

Idan kika canza zuwa katin Yaya mai tara layi uku, sai sabon gwaji, domin zai fi wannan faɗi kuma ya fi shi gajarta. Ni nakan yi gwajin da allura 60 da layi 100, in fara in ƙare da zaren wani launi. Kada ki auna shi da zarar ya sauka, domin allurai sun baje shi a faɗi, nauyi kuma ya ja shi. Ki naɗe shi ki ɗan ja shi ta tsawo idanun su zauna, ki bar shi ya kwana, ki wanke shi yadda za a riƙa wanke bargon, ya bushe a shimfiɗe, sannan ki auna tsakiyarsa ba gefe ba.

Kekena LK150 ne, na roba, mai allura 150 da tazarar milimita 6.5, ba shi da kati sam, amma tok ce saƙar da na fi yi a kansa. Ina turo kowace allura ta huɗu gaba can zuwa matsayin D, in sa ƙananan hannayen gefen kan keke a kan I, in wuce layi uku, zare yana kwanciya a kan waɗannan alluran ba su saƙa ba. A layi na huɗu in mayar da hannayen kan II, duka su saƙa. Ina ba duk mai koyo shawara ta yi wannan da hannu ko sau ɗaya, ko da kekenta mai kati ne, domin da idonta za ta ga zare ɗaya, biyu, uku suna hawa kan allura, ta ga lokacin da ya fara yi mata yawa. Bayan haka kati ba zai sake zama mata duhu ba.

Idan hannunki ya faɗa, ki gwada launi biyu da katin nan na layi takwas. Ki canza launi duk bayan layi huɗu, ki tabbata sabon launin ya fara daidai da layin farko na tarawa. Idon da aka riƙe na tsohon launi zai miƙe ya ratsa cikin sabon, sai ado ya fito kamar an saƙa launi biyu a layi ɗaya, alhali kowane layi zare ɗaya ne. Amfaninsa ga kayan jarirai babba ne, domin babu dogayen zaruruwa a baya da ɗan yatsa zai maƙale a ciki. Ki kuma duba fuska biyun kafin ki zaɓi wadda za ta zama waje. A launi ɗaya fuskar da ke kallonki lokacin saƙa ita ce yawanci ta fi tudu da kyau, a launi biyu kuwa sau da yawa ɗaya fuskar ce ke nuna zanen sarai.

Ɗalibar Saƙa ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Yaya da Malam da 'yar'uwata. Na jinkirta amsa ne domin in gwada komai tukuna.

Na fara da sandar soso kamar yadda Malam ya ce, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki, soson ya kwanta ƙwarai har yana manne wa yatsa, ya bar baƙin tabo a bayan allurai. Na sa sabo, na goge alluran, na kuma sami guda uku masu taurin harshe kusa da inda waɗancan biyun suka lanƙwashe. A ƙarƙashin farantin gaba buroshi ɗaya ba ya juyawa sam saboda gashin zare. Bayan haka na huda katin Yaya na layi 40, na yi gwaji a lamba uku. A kan lamba 6 kan keke yana da nauyi a layi na huɗu, a kan 8 zare ya maƙale a haƙoran gado sau biyu, a kan 7 da ɗigo ɗaya kuwa ya tafi lami lafiya. Da kati mai lamba 1 kuma lamba 6 ce ta fi kyau, ke nan maganar Yaya da ta Malam duk sun tabbata, kowace a wurinta. Gwajin ya ba ni ido 21 da layi 68 a santimita 10 bayan wanki, na yi lissafi da shi, bargon ya fito kusan daidai da yadda na so, gefe biyun kuma babu ɓaraka ko ɗaya.

Saura abu biyu. Bakin da na rufe a sama ya tsuke ya fi jikin bargon ƙanƙanta, har kusurwoyin suna ɗagowa. Sannan zaren akirilik ne, ina so in san ko zan iya sa masa dutsen guga domin ya kwanta.

Tsohuwar Hannu ta amsa:

Madalla, ƙanwata, na ji daɗin wannan labari. Tsukewar baki daga abu ɗaya take da abin da ya faɗaɗa miki bargon farko: jikin tok yana da faɗi, layin rufewa kuwa idanun fili ne masu ɗaukar wuri kaɗan. Ki warware rufin, ki mayar da idanun kan allurai, ki tabbata layin ƙarshe na ado shi ne wanda duk allurai suka saƙa, babu mai sauran tarin zare. Sai ki saƙa layi ɗaya na fili a kan lamba 10, ki rufe da ƙugiyar hannu kina zura ido cikin ido. Idan har yanzu yana ja, ki rufe ta bayan haƙoran gado, kowane ido ya zagaya haƙori ɗaya, domin haƙoran suna tilasta tazara ta zama daidai. Bakin farawa ma haka yake so, a naɗa zaren a kan allurai da sassauci. A gaba idan za ki sa wa bargo baki na daban, ki auna shi da jikin bargon bayan ya huta, kada ki ƙirga ido da ido.

Dutsen guga kuwa kada ya taɓa shi. Zafi yana kashe akirilik, tudun da kika sha wahala kika tara zai kwanta ya yi sheƙi, kuma ba ya dawowa ko an wanke. Ki shimfiɗa bargon a kan tawul, ki daidaita shi da awonsa, ki kafe gefuna da fil marar tsatsa, ki fesa masa ruwa ki bar shi ya bushe. Idan gefen yana buƙatar tururi, ki riƙe dutsen sama da shi kamar faɗin yatsu uku, a gefen kawai, na ɗan lokaci kaɗan, kuma ki fara gwadawa a kan ƙyallen gwajin da kika ajiye kafin ki kusanci bargon.